MURYAR YARO AMANA CE: TARIHIN FAIFAN FARKO DAGA BUKURU ZUWA MARUWA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Shekaru uku da suka wuce, bayan watan Maulidi ya fita, aka kawo wata magana zauren dattijon da muke yi wa aikin rubutu a nan Maruwa. Maganar ta wani yaro ce ɗan shekara goma, marayan uba, ɗalibin wata makarantar Islamiyya. Allah Ya ba shi murya irin wadda idan ya ɗaga ta a taron Maulidi sai ka ga dattawa suna share hawaye da gefen rawani. Wani mai ɗakin ɗaukar sauti ya ji shi, ya ɗauki waƙoƙinsa shida na yabon Manzon Allah, ya haɗa su kundi ɗaya. Kafin wata biyu waƙoƙin sun bazu a wayoyin jama'a, ana jin su a shagunan teloli da tashar mota, har 'yan uwanmu na Garwa da Kusiri suna bugo waya suna tambayar ɗan wane ne. Daga nan gayyata ta fara zuwa, yau suna, gobe walima, jibi saukar karatu. Baffan yaron ke kai shi, shi ke tattara kuɗin liƙi. Uwar kuwa ta aiko ɗan'uwanta ya faɗa wa dattijo cewa ɗanta ya koma barci a aji, haddarsa ta tsaya, kuma ba ta san inda kuɗin suke shiga ba.

Za mu dawo kan yadda aka raba wannan gardama. Sai dai tun daga ranar muke ta juya tambaya ɗaya a zuci: yaya magabata suka riƙa karɓar yaron da ya tashi da murya, kuma mene ne faifai ya canja a cikin al'amarin?

A ƙasar Hausa ta dā, yaro mai murya bai saba tsayawa shi kaɗai a gaban taro ba. Kiɗa da waƙa sana'a ce ta gado kamar ƙira da jima, tana da ubangida, tana da matakai. Tarihin Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya isa misali. An haife shi a Bakura a 1909. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kuma tun Musa yana ɗan shekara shida zuwa bakwai ya fara bin sa wurin kiɗa yana amshi. Sunan da duniya ta san shi da shi ma daga muryar yarinta ya samo asali, domin a cikin mutanen mahaifinsa akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta ɗauko tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Ashe tun yana ƙarami an gane baiwarsa, an kuma yaba. Amma ba a ɗora shi gaba ba. Bayan rasuwar mahaifinsa ya ci gaba da zama ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna, yana matsayin Daudun kiɗa, shekara da shekaru. Lokacin da waƙoƙinsa na Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello suka game Arewa ta gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, Ɗanƙwairo ya riga ya haura shekara hamsin. Ya rasu a 1991, kuma har yau kotsonsa bai tsufa a kunnen jama'a ba.

Abin lura a nan shi ne layin 'yan amshi makaranta ce, kuma garkuwa ce. Yaro yana tsaye a bayan manya, idan ya yi kuskure muryoyinsu su rufe shi, idan aka yi kyauta ubangida ya karɓa ya raba bisa al'ada a gaban kowa. Ranar da muryarsa ta fara buɗewa ta balaga, ba wanda zai kore shi, sai dai ya ɗan ja baya ya riƙe ganga har ta zauna. Ba mu ce tsarin ba shi da aibu ba, don an sha danne ƙanana a rabo, an kuma hana da yawa karatu. Duk da haka yana ba yaro abin da ya fi bukata, wato lokaci.

Wanda labarinsa ya fi kusa da na yaronmu shi ne Adamu Wayya, wanda aka sani da Ɗan Maraya Jos. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗin fadar Sarkin Bukuru ne, ya rasu Adamu yana jariri, ba a jima ba mahaifiyarsa ta bi shi. Sarkin ne ya ɗauki maraya ya riƙe shi a gidansa. Tun bai balaga ba ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri, garin da mu mutanen Maruwa muka sani sarai ta hanyar Mora da Banki da Bama. A can ya ga masu kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa. Kuntigi kuwa ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka soka masa sanda. Da wannan abu da yaro zai iya haɗawa da hannunsa Ɗan Maraya ya rayu har ƙarshen ransa.

Shi bai bi layin amshi ba, shi kaɗai yake waƙarsa. To wa ya koya masa, wa ya yi masa gyara? Jama'ar da yake tsayawa a gabansu. A tasha da kasuwa mai sauraro ba ya munafunci: in waƙa ta yi daɗi ya tsaya ya jefa kwabo, in ba ta yi ba ya wuce abinsa. Waƙar Karen Mota, wadda take cikin na farko-farkon da suka fito da shi, yabo ce ga yaran mota masu ɗora kaya da sa waigi, mutanen da babu makaɗin fada da zai ɓata bakinsa a kansu. Maraya ya dubi waɗanda ba a duba, su kuma suka riƙe shi nasu. Lokacin da muryarsa ta hau faifan garmaho, daga baya kaset ya ɗauke ta, ya riga ya zama mutum mai hankalin kansa, ya san abin da yake son faɗa a kan auren dole da gulma da halin ɗan Adam. Mu da muka tashi a shekarun 1970 da 1980 mun ji shi a rediyon Kaduna da shirye-shiryen Hausa na rediyon Garwa, mun kuma saye shi a kaset ɗin da fatake ke shigo da su kasuwar Maruwa daga Kano da Maiduguri. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, da mutuncinsa.

Har a ƙasashen Larabawa hanyar kusan ɗaya ce. Ummu Kulsum ta Masar ɗiyar limamin ƙauye ce. Mahaifinta ya ji tana kwaikwayon ƙasidun da yake koya wa yayanta, sai ya riƙa tafiya da ita wurin Maulidi da bukukuwa, yana sa mata tufafin maza don kare ta daga idon mutane. Shekaru ta yi a haka a ƙarƙashin idon uba kafin ta koma Alƙahira a farkon shekarun 1920 ta fara faifai. A duk waɗannan labarai, faifai a baya yake zuwa, bayan murya ta nuna kuma mai ita ya girma.

Kamfanonin faifai na Turai da Amurka ne suka juya wannan tsari, suka gano cewa yarintar kanta haja ce. A birnin Detroit na Amurka kamfanin Motown ya ɗauki wani makahon yaro ɗan shekara 11, aka sa masa suna Little Stevie Wonder. Faifansa na farko ya fito a 1962, mafi yawansa kiɗa ne zalla, bai yi kasuwa ba, na biyun ma haka. Sai a 1963, da aka fitar da wanda aka ɗauka yana wasa a gaban jama'a a Chicago, faifan ya hau matsayi na ɗaya a Amurka, yaron yana da shekara 13. Ba a jima ba muryarsa ta fara canjawa, kasuwa ta ja baya, har wasu a kamfanin suka fara tunanin sallamarsa. Wata marubuciyar waƙa mai suna Sylvia Moy ce ta roƙa a ƙara masa dama, ta zauna ta yi aiki da shi har ya farfaɗo a 1965. Kuɗinsa kuwa an riƙa ajiye su a asusun amana har ya cika shekara 21 a 1971, sannan ya karɓa, ya sake zama da kamfanin a matsayin baligi mai sharuɗɗansa. Ya tsira ne saboda an sami mai tsaya masa ranar da muryar yarinta ta tafi, kuma an sami abin da aka ajiye masa.

Wanda bai sami haka ba shi ne yaron da mu mazauna ƙasashe masu amfani da Faransanci muka fi tunawa. A 1992 wani yaro Bafaranshe mai suna Jordy, ɗan shekara huɗu da rabi, ya fito da waƙar da yake kukan wahalar zama jariri. Mahaifinsa mai shirya faifai ne. Waƙar ta yi mako 15 a matsayi na ɗaya a Faransa, aka shigar da sunansa littafin Guinness a matsayin mawaƙi mafi ƙanƙanta da ya taɓa kai wannan matsayi, kundinsa na farko mai suna Pochette Surprise ya bazu ƙasashe da dama. Muna samari a lokacin, mun ji ta tana tashi a rediyo da shagunan kaset, yaran makarantun boko suna maimaita ta a hanya. Karɓuwa dai ta kai karɓuwa. Amma tun ana cikin tafi wasu suka fara tambaya ko yaron da bai iya karanta sunansa ba ya san abin da ake yi da shi. Zuwa 1994 surutun cewa ana ci da guminsa ya yi yawa, aka daina ganinsa a talabijin yadda aka saba. Iyayen suka zuba kuɗi a wata gonar shaƙatawa mai sunansa, ta karye, aurensu ya mutu. A 2006, yana ɗan shekara 18, ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa yana kokawa cewa dukiyar da aka tara da sunansa ba ta iso hannunsa ba. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Irin wannan ta faru tun kafin Jordy. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a wani fim na 1921, ya tara miliyoyin daloli yana ƙarami, da ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai wuce dala 126,000 ba. Dalilinsa jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1939, wadda a yanzu take wajabta ajiye kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Faransa ma tana da irin wannan doka tun 1963, kuma a 2020 ta faɗaɗa ta ga yaran da iyayensu ke samun kuɗi da bidiyonsu a intanet. Mai karatu zai lura cewa dokar Faransa ta girmi Jordy da shekara 25, amma ba ta hana shi kuka ba. Takarda ba ta tsaron yaro idan wanda ke kwana gida ɗaya da shi bai ji tsoron Allah ba.

Mu kuwa ba sai mun je Kalifoniya neman wannan hukunci ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil ya san cewa a mazhabar Malikiyya dukiyar yaro tasa ce. Uba ko wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa mai tsaro ne kawai, yana ciyar da yaron daga ciki gwargwadon bukata, yana juya sauran ta hanyar da za ta amfane shi. Ba a miƙa masa ita sai ya balaga kuma an jarraba shi an ga shiriyarsa wajen riƙon kuɗi, sannan a miƙa a gaban shaidu. Farkon Suratun Nisa'i ya yi bayanin wannan filla-filla, kuma cin dukiyar maraya yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa. Abin da ya rage mana shi ne mu yarda cewa kuɗin da aka liƙa wa yaro a goshi saboda muryarsa dukiya ce kamar gonar gado, hukuncinsu ɗaya.

Zamanin da muke ciki ya ƙara wa al'amarin nauyi. A lokacin garmaho sai kamfani mai jari ke iya ɗaukar murya. Kaset ya sauƙaƙa abin, sannan daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, ƙananan ɗakunan ɗaukar sauti masu fiyano da kwamfuta suka yawaita har suka iso garuruwanmu. Yau kuwa waƙa ba ta bukatar faifan da za a riƙe a hannu. Mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa zai zuba maka ɗari a katin waya da kuɗi kaɗan, ko aboki ya turo maka ta WhatsApp kyauta. Ma'anar wannan ita ce kundin farko na yaro ba ya kawo kuɗi da kansa, talla ce kawai. Kuɗin suna wurin taro, taro kuwa da dare ake yin sa. Saboda haka gwargwadon yadda jama'a suka karɓi waƙar yaro, gwargwadon yadda barcinsa da karatunsa za su ragu. Ga shi kuma muryar da ake rububi a kanta aro ce, domin tsakanin shekara 12 zuwa 15 maƙogwaron ɗa namiji yake girma, muryar ta yi kauri, wani lokaci ta dawo da kyau, wani lokaci ba ta dawowa. Sautin da aka ɗauka yana nan yadda yake a wayoyin mutane, shi kuwa mai shi ya wuce wurin. Ba ƙaramin ciwo ba ne saurayi ya riƙa jin ana yabon muryar da ba ya da ita yanzu.

Mu koma zaure. Dattijo ya tara baffan yaron da kawunsa da malamin Islamiyyar da mai ɗakin ɗaukar sautin, mu kuma muna gefe da alƙalami. Baffan ya yi rantsuwa cewa bai ci ko sisi don kansa ba, hatsi ya saya wa gidan marigayi ɗan'uwansa, ya biya kuɗin asibitin ƙanwar yaron. Da aka bi lissafi aka tarar mafi yawan maganarsa gaskiya ce, sai dai babu rubutu, kuma abin da babu rubutu a cikinsa zargi ba ya ƙarewa. Mai ɗaukar sautin ya ce shi don Allah ya yi, ko kuɗin wuta bai mayar ba. Sai dattijo ya sa aka kira yaron, abin da ba wanda ya yi tunanin yi tun farkon rigimar. Ya durƙusa a bakin tabarma. Dattijo ya ce, “Jikana, kana son waƙar nan?” Ya ce, “Ina so, Baba.” Ya ce, “To me ba ka so?” Yaron ya yi shiru, can ya ce, “Baba, 'yan ajinmu sun wuce ni da izu biyu.”

Hukuncin da aka yanke gajere ne, mu muka rubuta shi. Ba za a hana yaro yabon Manzon Allah ba. Ba zai je taro ba sai daren Alhamis da na Juma'a da lokacin hutu, kuma a dawo da shi gida kafin dare ya raba. Duk abin da aka samu za a ƙirga a gaban mutum biyu, ɗaya daga dangin uba ɗaya daga dangin uwa, a rubuta a littafi. Kashi ɗaya cikin uku ya shiga hidimar gidan da yake ci a ciki, sauran a ajiye masa. Ba za a ɗauki sabon kundi ba sai malaminsa ya shaida cewa ya cim ma 'yan ajinsu. Baffan ya ɗan ɓata rai da farko, daga baya da kansa yake kawo kuɗin a rubuta, don ya ga littafin ya wanke shi daga bakin mutane.

Littafin yana hannunmu har yau. Shafukan shekarar farko cike suke, na bana kuwa layi kaɗan ne, domin muryar ta fara buɗewa, masu gayyata sun koma kan wani yaron da ya taso a wata unguwa. Namu ya kusa sauka, yana kuma tsayawa a bayan wani babban sha'iri yana amshi, inda Ɗanƙwairo ya tsaya shekaru fiye da ɗari da suka wuce. Abin da aka ajiye masa yana nan, za a miƙa masa a gaban shaidu idan lokaci ya yi.

Muna roƙon iyaye da malaman Islamiyya da masu ɗakunan ɗaukar sauti, daga Maruwa har Garwa da Ngaundare da duk inda wannan rubutu ya isa, idan Allah Ya ba ku yaro mai murya, kafin ku tambayi wayoyi nawa waƙarsa ta shiga, ku tambayi ƙarfe nawa ya kwanta jiya, ina karatunsa ya tsaya, kuma a hannun wa littafin lissafinsa yake. Mu masu sauraro ma muna da namu kason, domin tafinmu da liƙinmu ne ke fitar da shi daga gida da dare.

Allah Ya jiƙan Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya da sauran magabata. Allah Ya raya mana zuriya bisa shiriya, Ya ba mu ikon riƙon amanar marayu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.